Kowa da irin giranolar da yake so, ga ciniki amma babu riba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sana'ar cincin da zoɓo ce a Samaru, Zariya, kuma yawancin masu sayen kayana ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne da matan ma'aikata. Kwanan baya na fara yin giranola irin wadda ake yankawa kamar alawa, ta hatsin ot da gyaɗa da zuma. Jama'a sun yaba, sai dai kowa da abin da yake so. Wannan ta ce a cire gyaɗa, wancan ya ce zaƙi ya yi yawa, wata ta ce a sa mata dabino da kashu. Ina yi wa kowa yadda ya ce, kuma a kuɗi ɗaya nake sayarwa. Ciniki na tafiya amma ban ga kuɗin ba, wani lokaci ma idan na zo yankawa sai ta farfashe. Ƙarshen wata zan kwashi adashi na naira 150,000. In sayi obin na gashi in faɗaɗa, ko in haƙura in tsaya a kan cincin ɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a nema. Kada ki bar sana'ar nan, kuma kada ki sayi obin tukuna. Tunda har mutane suna dawowa suna faɗa miki yadda suke so a yi musu, kayanki ya samu karɓuwa ke nan, don wanda bai ji daɗin abu ba ba ya tsayawa ba da shawara, tafiyarsa yake yi. Inda kuɗinki ke zurarewa shi ne wannan yi wa kowa yadda ya ce a farashi ɗaya. Idan kika faɗaɗa a haka, asarar ce za ta faɗaɗa.

Ki duba mai shayi a Kwangila. Ruwan shayinsa tukunya ɗaya ce, amma wanda ya ce a sa masa madarar gwangwani da Bournvita ba zai biya kuɗin mai shan baƙin shayi ba. Haka nake so ki tsara giranolarki: haɗi guda ɗaya wanda ba ya canzawa, sai ƙari kala biyu ko uku da kika zaɓa da kanki, kowanne da farashinsa.

Bari mu fara da haɗin, domin farfashewar da kika ambata ita ma asara ce, kuma ina kyautata zaton daga canje-canjen take fitowa. Haɗin giranola kashi biyu ne. Akwai busassun kaya, wato ot da gyaɗa da riɗi da kwakwa, akwai kuma abin da ke ɗanƙe su, wato zuma ko narkakken sukari tare da ɗan mai. Duk sadda wani ya ce miki zaƙi ya yi yawa kika rage zuma, ba zaƙi kaɗai kika rage ba, har da abin da ke riƙe yankan. Shi ya sa ta wannan ta tsaya, ta wancan ta wargaje. Ga awon da za ki iya farawa da shi: ot giram 300, soyayyar gyaɗa da aka ɗan daddaka giram 150, riɗi giram 50, busasshiyar kwakwa giram 50, zuma giram 150, mazarƙwaila giram 50, man shanu ko bota giram 60, da ɗan gishiri. Wannan ya haura giram 800 kaɗan, zai ba ki yanka 20 masu nauyin giram 40. Ki fara soya ot ɗin sama-sama a busasshen kasko har ya yi ƙamshi. Ki narka zuma da mazarƙwaila da mai, ki bar su su tafasa kamar minti 2, sannan ki juye a kan busassun kayan ki gauraya har ko'ina ya samu. Idan kin zuba a faranti, ki shimfiɗa takardar gashi a kai ki danne da gindin kofi da ƙarfinki duka, musamman gefe-gefe. Mai gasawa ta ba shi minti 20 zuwa 25 a zafin digiri 160 zuwa 170. Kuma kada wuƙa ta taɓa shi sai ya huce sarai. Yawancin masu kukan farfashewa ɗayan biyu ne: ko ba su danne ba, ko sun yanka da ɗumi.

Mai son a rage zaƙi, ki cire wani ɓangare na zumar ki maye gurbinsa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, irin wadda ake kunun gyaɗa da ita. Tana ɗanƙewa kuma ba ta da zaƙi. Dabino ma yana ɗanƙewa idan an jiƙa shi an markaɗa, amma ruwan da ya sha yana rage kwanakin da kayan zai yi bai lalace ba, don haka mai dabino ki riƙa yin ta kaɗan-kaɗan.

Yanzu lissafi, wanda shi ne asalin tambayarki. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, ke za ki sa farashin da kika sayo a kasuwar Samaru ko Sabon Gari a makon da kike ciki. A ce kayan haɗin faranti ɗaya sun ci naira 6,000. Gas da leda da sitika naira 1,400. Kuɗin mota zuwa kasuwa da kai wa masu saye naira 400. Ladan aikinki naira 1,200. Wannan na ƙarshen shi mata da yawa ke mantawa, alhali da wata kika ɗauka ta yi miki aikin sai kin biya ta. Jimilla naira 9,000. Kada ki raba a kan 20, ki raba a kan 18, domin a kowane faranti akwai wanda zai karye da wanda za a ɗanɗana. Kowane yanka ya tsaya miki a naira 500 ke nan. Idan kina sayarwa 600, kina da 100 a kai. To ranar da wata ta ce a cire gyaɗa a sa kashu, kika sayo kashun da ya ninka gyaɗa tsada sau da yawa, kika kuma sayar mata a 600 ɗin nan, kin ba ta kyauta daga aljihunki ba ki sani ba. Ga ragowar kashun da dabinon da za su zauna a kwano suna jiran wani mai so, wanda wannan ma jari ne a kwance.

Don haka duk kalar da za ki fitar, ki yi mata nata shafin a littafi, da awonta da kuɗinta. Ni a ganina kala uku sun ishe ki. Ta yau da kullum mai gyaɗa da riɗi, ita ce mai araha kuma ita za ta riƙe kasuwar. Sai mai dabino da kwakwa, mai ɗan tsada. Sai mai citta da kanumfari ko kirfa, wadda nake ganin za ta tafi sosai da hunturu, kuma ɗan garin citta ba zai ƙara miki kuɗi mai yawa ba. Wanda ya zo da buƙatar da ba ta cikin ukun nan, ki karɓe shi da fara'a, ki ce ana yi, amma faranti guda ake yi, kuma ana ba da rabin kuɗi kafin a ɗora. Mai buƙata da gaske zai biya. Wanda dama faɗa kawai yake yi zai ɗauki ɗaya daga cikin ukun, kuma ba za ki rasa shi ba.

Akwai abin da ya fi damuna a haɗinki, shi ne dogaro da ot. Ot ba amfanin gonarmu ba ne, daga waje ake shigo da akasarinsa, don haka farashinsa yana bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk mai sana'a da kayan waje ya ji a jikinsa. Ke kuwa a Zariya kike, tsakiyar inda sauran kayan haɗin suke. Gyaɗa da riɗi da waken suya duk ana noma su a yankin nan, mazarƙwaila ga ta nan daga wajen Maƙarfi inda ake noman rake, citta kuma daga kudancin Kaduna, su Kachiya da Kafanchan, take fitowa. Ki riƙa rage ot a hankali kina ƙara na gida, ki ga iya inda masu saye za su ci gaba da jin cewa giranola suke ci. Gugguru da aka ɗan farfasa yana ƙara auki kuma ba shi da nauyi. Amma ki yi hattara da gero da dawa da acca ɗanye. Shi ot ɗin kanti an riga an turara shi an latse shi, shi ya sa yake taunuwa. Idan kika zuba ɗanyar acca haka nan, tsakuwa-tsakuwa za a ji a baki, sai an turara ta an busar an soya tukuna. Busasshiyar aya ma tana wahalar da haƙori in ba a ɓarza ta ba.

Sai dai kada ki rage ot ɗin har kayanki ya koma kantun riɗi ko hallaka-kwabo. Waɗannan suna nan a kowace ƙofar makaranta a kuɗi kaɗan, kuma masu yin su sun fi ki sanin hanyarsu. Abin da ɗalibi ke biyan ƙarin kuɗi dominsa shi ne abin da zai ci da safe ya riƙe masa ciki har a fito daga lacca, a cikin leda mai tsafta da zai jefa a jaka. A nan kasuwarki take.

Maganar gyaɗa ina so ki ɗauke ta da muhimmanci. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba da ake kira afulatoksin, mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ki sayi busasshiya, ki zauna ki tsince duk wadda ta yamutse ko ta canza launi ko ta yi ɗaci, ki ajiye sauran a inda iska ke shiga, ba a ƙasa ba. Da kaka ta fi araha, to a lokacin ne ya kamata ki sayi mai ɗan yawa. Mai cewa a cire masa gyaɗa kuma ki tambaye shi dalili. Idan ƙi ne kawai, da sauƙi. Idan jikinsa ne ba ya karɓarta, gara ki gaya masa gaskiya cewa a kasko ɗaya da faranti ɗaya kike aiki, domin ga irin waɗannan mutane ɗan burbushi ma yana iya zama haɗari. Haka nan kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba abin da ke da zuma. Kuma don Allah kada ki rubuta ko ki ce giranolarki ta dace da masu ciwon suga saboda babu farin sukari a ciki. Zuma da dabino da mazarƙwaila duk sukari ne a jiki. Na ga masu sana'a da yawa suna faɗin haka da zuciya ɗaya, amma lafiyar mutum ce a ciki, kuma amanar ciniki ta hana.

Yanayin gari ma yana cikin lissafi. Da hunturu kayanki zai daɗe da ƙarfinsa. Da damina ot da riɗi suna jan danshi su yi laushi cikin 'yan kwanaki idan ledar ba ta liƙe da kyau ba. Da bazara kuwa duk wanda ya ce ki sa masa cakulan ki ba shi haƙuri, narkewa zai yi tun kafin ya isa harabar ABU ta Kongo. Ki ware yanka biyu-biyu daga kowace kala, ki rubuta ranar da kika yi su, ki riƙa dubawa kina ɗanɗanawa. Da haka za ki san kwanakin da za ki iya rubutawa a sitika da gaskiya, ba da ƙiyasi ba.

Game da masu saye, ɗalibai kasuwa ce mai kyau amma tana da hutu. Kin dai tuna yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, da yadda Samaru ta yi tsit. Tun yanzu ki nemi wata ƙafar: ma'aikatan da ke kwana a bakin aiki a asibitin koyarwa na Shika, iyaye masu neman abin sa wa yara a jakar makaranta, masu neman abin sahur da azumi. Waɗannan sun fi saye da yawa a lokaci ɗaya, kuma sun fi biya nan take. Bashi kuwa ki rufe ƙofarsa tun kayan yana sabo, don ribar yanka ɗaya ƙarama ce, bashin mutum ɗaya zai iya cinye ta faranti guda.

To, ya za a yi da kuɗin adashin? Abu na farko shi ne ƙaramin sikeli mai auna giram. Ba shi da tsada, kuma in babu shi duk lissafin da muka yi ba zai zauna ba, domin awo da kofi yau ya cika gobe ya rage. Sai injin liƙe leda, da faranti biyu ko uku masu girma ɗaya don yankan su riƙa fitowa daidai, da sitika mai ɗauke da sunan sana'arki da kayan da ke ciki da ranar da aka yi. Ki sayi gyaɗa da riɗi da zuma a wurin wanda kika amince da shi, da ɗan yawa don ki samu ragi. Obin zai iya jira. Haɗin da na ba ki yana kamawa ko ba a gasa ba, matuƙar an tafasa zumar an danne sosai, kuma mai son gasawa tana iya yi a babbar tukunya da yashi a ƙasa kamar yadda ake gasa kek. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ki bar shi a ajiye, kada ya shiga cefanen gida kuma kada ya gauraya da kuɗin cincin.

Rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna (NAFDAC) za su zama dole ranar da kike son kayanki ya hau kantar manyan shaguna, kuma NAFDAC tana da ofishi a Kaduna inda za ki ji sharuɗɗan daga bakinsu. Ki sa wannan a gaba, amma bayan haɗin ya zauna, tunda abin da kika kai aka gwada shi za ki ci gaba da yi.

Ki yi wata biyu a kan kala ukun nan kina rubuta faranti nawa kika yi, yanka nawa suka fita, nawa suka rage. Idan a ƙarshe oda ta fi ƙarfin tukunyarki kuma littafin ya nuna riba bayan kin cire ladan aikinki, to ki sayi obin mai amfani da gas, kada ki sayi na lantarki, kuma ki saye shi daga ribar da ajiyar da kika ware.