Ku Tambayi Mai Gyara: Tsohon sante na yana kauce wa murya a tsakiyar biki

TAMBAYA: Salamu alaikum malam mai gyara, fatan kuna lahiya ya aiki ya zafi. Ni mai kiɗan biki ne a nan Tawa, akwai wani tsohon sante, wato kayan kiɗa na kuran mai maɓallai kamar piyano, Roland SH-101 da kawuna ya zo da shi daga Abijan tun muna yara, yanzu ni ke amfani da shi wajen bas saboda wallahi muryarshi ta fi ta piyanon zamani nauyi. Matsalar ita ce in na daidaita shi da gita kafin mu fara, kafin mu gama waƙa biyu ya kauce, wani lokaci a hankali yake sauka wani lokaci kuma haka kawai sai ya yi tsalle, har mawaƙinmu ya fara cewa in bar shi gida. Na kai ma wani mai gyaran radiyo ya buɗe ya murɗa wasu abubuwa a ciki da turnabis, tun daga nan kuma in do na ƙasa ya yi daidai sai na sama ya ƙi. Dan Allah ya mutu ne ko yana gyaruwa? Daga ƙanenku mai bas, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bai mutu ba, kuma kar ka bari a ruɗe ka ka sayar da shi kuɗin goro, SH-101 ya fito tun 1982 amma har yau ana nemanshi ido rufe a Turai. Sai dai a wasiƙar nan taka ciwo uku na gani ba ɗaya ba, biyu da su ka je wajen mai radiyo, na ukun shi ya ƙara maka.

Bari in fara da yadda abun ke aiki don ka gane dalili. Piyanon zamani sautin da aka ɗauka aka adana yake maido maka, lissafi ne, shi ya sa ba ya kaucewa. Naka kuwa osilater ne a ciki, wato da'irar da ke haifar da sautin da kanta, kuma ƙarfin kuran da aka ba ta shi ke gaya mata ta hau ko ta sauka. Ƙa'idar kamfanonin Roland da Moog ita ce bolt 1 oktab 1, oktab kuwa shi ne tazarar daga do zuwa do na gaba. To raba bolt ɗaya gida 12 tunda maɓallai 12 ne a oktab, ka ga tsakanin maɓalli da maƙwabcinshi milibolt 83 ne kacal. Kunne mai kyau kuma yana jin kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ma'ana ɗan datti a kan wani ƙarfe ko ɗan raunin kuran da ko radiyo ba za ta san an yi ba, shi a wajenshi ya isa ya ɓata waƙa.

Sauka a hankalin nan da kake ji zafi ne. Taranzistocin da ke juya bolt zuwa murya halinsu yana canjawa da ɗumi, kamar dai fatar ganga da maroƙi ke shanyawa a rana kafin ta ba da muryar da yake so. A tsofaffin sante irin Minimoog na farko-farko sai da aka dinga manna wata razistans ta musamman a jikin taranziston don ta rama abun da zafi ya ci, naka kuma osilater ɗinshi yana cikin guntun CEM3340 wanda aka gina wannan ramuwar a cikinshi, amma duk da haka yana son ya ɗan zauna. Kai kuma na san yadda kuke yi, a ɗauko kaya daga ɗaki a ɗaura bayan moto a bi rana, a sauke ƙarƙashin tanti a kunna nan take a ce a daidaita. A watan Afirilu da zafi ke wuce 40 ai dole ya yi ta tafiya. Ka riƙa kunna shi tun ana jera kujeru, ya samu minti 20 zuwa 30 a inda zai yi aikin, a inuwa, ba a kan ampli ko bafil mai huci ba, sannan ka daidaita. In rana ta faɗi iska ta sauya ka sake taɓa maɓallin TUNE tsakanin waƙoƙi, wannan ba lalacewa ba ce, haka ake zama da su.

Tsallen shi ne ciwon gaske, kuma a nan nake so ka natsu. Abun da ke tsalle haka kawai kusan kullum datti ne ko kuran, ba saiti ba. SH-101 an san shi da wani hali, makunninshi na wuta in ya tsufa ya yi datti sai murya ta dinga rawa. Gwajin ba wuya, ka danne maɓalli ɗaya ka bar sautin yana fita, sai ka ɗan taɓa makunnin da yatsa kana jijjiga shi a hankali ba tare da ka kashe ba. In murya ta motsa to ka kama ɓarawonka. Haka za ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, maɓallin TUNE, na RANGE, na TRANSPOSE, sandar lanƙwasa murya da ke hagu, har da ramin CV IN na baya, inda ake shigo da kuran murya daga wata na'ura, wanda na tabbata ba ka taɓa sa komi ciki ba, shi ma akwai ɗan harshen ƙarfe a ciki da kuran muryar ke bi ta kai, ƙurar hunturun shekara da shekaru tana nan zaune. Ka samu fish mai tsabta ka sa ka cire kamar sau goma. Wanda duk ka taɓa sauti ya girgiza shi ke son wanka, da maganin fesawa na wanke kontak, in babu a sa alkol mai ƙarfi na farmasi kaɗan a bari ya bushe sarai kafin a kunna. Dan girman Allah ban da isansi, ban da man keken ɗinki, na sha ganin bolim ɗin da aka kashe da mai, ƙura ta bi ta zama kwaɓa.

Su maɓallan kiɗan kansu kar ka wahalar da kanka a kansu. A Minimoog ko Korg MS-20 dattin maɓalli yana iya karkata murya, amma a naka wata ƴar kwamfuta ce ke karanta su, in sun yi datti sai dai sauti ya ƙi fita ko ya fita sau biyu.

Sai kuran. Ban san da wace sharja kake kunna shi ba amma ina zargin irin ta kasuwa ce mai sauƙin kuɗi, ga shi a wajen biki gurup ake tayarwa, ampli na ja bas na dukan wuta na sama da ƙasa. Sa'arka ɗaya wannan sante yana cin pil 6 matsakaita. Sa mishi sababbi ka cire sharja ka yi kiɗa rabin awa, in tsallen ya tsaya ka san daga waje ciwon yake, sai ka nemi sharja mai kyau ta bolt 9 mai daidaitaccen kuran, ka lura irin ta Roland tsakiyar fish ɗin ita ce negatif, in ka juya kana iya ƙona wani abu. In kuma da pil ɗin ma yana yi bayan an wanke komi, to a duba kondansatocin ɓangaren wuta, abun da ya haura shekara 40 a zafin ƙasar nan ruwan cikinsu ya isa bushewa, a kuma bi sudir ɗin da gilashin ƙara gani ko akwai wanda ya tsage.

Yanzu aikin mai radiyo. Ban ga laifinshi sosai ba, a radiyo in tasha ta kauce murɗawa ake yi. Waɗancan ƙananan sukurorin na ciki ba duka aiki ɗaya suke ba, wani yana ɗaga muryar gaba ɗaya ko ya sauke ta, wani kuma faɗin oktab yake riƙe da shi, a takardun Roland WIDTH suke ce mishi. Wannan na biyun ne ya taɓa, shi ya sa do na ƙasa da na sama suka daina jituwa. Gyaranshi sai an gama duk na sama, in ba haka ba kana saiti a kan abun da ke motsi ne. A samu takardar gyaran SH-101 ɗin, tana nan a intanet, don akwai sukurorin D/A ma a ciki, wato ɓangaren da ke juya lissafin ƴar kwamfutar zuwa bolt, kuma bi da bi ake yinsu da miltimetir. A ɗauki hoton kowane sukuro kafin a taɓa. A bar shi ya yi ɗumi, a sauke duk wani bibrato zuwa sifili, a buɗe akorder na portabul, wato manhajar daidaita murya. Ka buga la na ƙasa ka daidaita, ka buga la na sama ka ga da nawa ya wuce ko ya gaza, ka murɗa na faɗin ɗan kaɗan, kaɗan fa nake nufi kamar kaurin farce, sai ka koma ƙasa ka sake daidaitawa don shi ma ya motsa, haka za ka yi ta kai da komo har su haɗu. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa, su murɗa har na sama ya yi daidai a karo ɗaya, su dawo su tarar na ƙasa ya gudu. In an gama a mayar da murfi a jira a sake ji, ɗumin ciki in an rufe daban yake.

Shi guntun CEM3340 da wuya ya zama shi ne, kar wani ya fara da cire shi. In ma shi ne an dawo da ƙera shi tun 2016 kuma akwai makamancinshi AS3340.

TAMBAYA: Barka da aiki malam. Ina da ƙaramin situdiyo a Yamai, na samu Korg MS-20 na haɗa shi ta ramin CV da sekwansa, wato na'urar da ke buga jerin muryoyi da kanta, ana buga oktab sai ya ba ni wata murya can daban, amma da maɓallanshi lahiya lau yake. In buɗe in saita? Daga ƴar'uwarku a Yantala.

AMSA: A'a ƴar'uwa, kar ki buɗe, lahiyarshi ƙalau. MS-20 na 1978 ba ya bin ƙa'idar bolt 1 oktab 1, shi da tsofaffin Yamaha CS ninkawa suke, in bolt 1 ya ba ki wata murya to bolt 2 ne oktab na gaba, sai 4, sai 8. Sekwansarki tana ƙara ɗaya-ɗaya shi yana jiran ninki. Ki duba cikin saitinta ko akwai zaɓin Hz/V, wato wannan ƙa'idar ta ninki, da yawa na yanzu suna da shi, in babu ki nemi akwatin da ke juya MIDI, wato saƙon kiɗa na dijital, zuwa CV mai wannan zaɓin. Tirigarshi, wato siginal ɗin da ke gaya mishi ya fara sauti, ita ma a juye take, irin wadda ake kira S-trig, in kin ga sauti na fita lokacin da ya kamata ya yi shiru to daga nan ne. Sannan tunda ban san daga inda aka kawo miki shi ba, ki leƙa farantin baya, in an rubuta 100V na Japan ne, in 117V ko 120V na Amurka ne, kuran namu 220 ne sai da taransfo mai saukewa.