Amsa: auna bayanin kayan aiki ga wakilin AI

Malam, ka tambayi yadda za ka gane ko bayanin da ka rubuta wa kayan aikin manhajarka yana yi wa wakilin AI (manhajar AI da ke zaɓar kayan aiki ta kira su da kanta don biyan buƙatar mutum) jagora yadda ya kamata. Karanta shi da kanka ba zai nuna maka komai ba, domin kai ka riga ka san abin da kake nufi. Shi kuwa wakilin suna yake gani, da bayani, da jerin guraben da zai cike, a rubuce cikin JSON Schema (tsarin fayyace irin bayanan da kowane gurbi ke karɓa). Haka MCP (Model Context Protocol) ke aiki, wato tsarin haɗa AI da kayan aiki wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024.

Tara buƙatu irin waɗanda mutane ke rubutawa da gaske, har da masu kurakurai, ka rubuta wane kayan aiki ya dace da kowace. Saka wasu da ba sa buƙatar a kira komai, don a nan asiri ya fi tonuwa. Ka maimaita kowace sau da dama, saboda amsarsa takan canza.

Inda na fi zuba ido shi ne kayan aiki biyu masu kama da juna. A ce ɗaya yana neman abokin ciniki da suna, ɗayan da lambar rajista. Idan bayanin bai faɗi lokacin da bai kamata a yi amfani da kowanne ba, wakilin zai riƙa canki-canki. Kwanan wata ma haka: rubuta masa misali kamar 2025-04-03, in ba haka ba zai iya rikita rana da wata.

Idan ka zo gyara, canza jimla ɗaya kawai, ka sake gwajin, sannan ka duba kiran da ya yi ɗaya bayan ɗaya.