Shago cike da mutane, durowa ba kuɗi: amsa ga mai shagon littattafai

Wani bawan Allah ya turo min tambaya, na taƙaita ta kamar haka: "Malam, ina da shagon littattafai a unguwarmu shekara 4 kenan. Jama'a na shigowa sosai, yara su zauna su yi karatu, manya su yi hira, kowa na sa albarka, amma ƙarshen wata da kyar nake haɗa kuɗin haya. Ina tunanin in ci bashi in ciko shagon da sabbin littattafai, in karya farashi kamar yadda ake samu a intanet, idan Allah ya sa ta karɓa in buɗe reshe na biyu kafin shekara ta zagayo. Lissafi dai da dare nake ƙirga abin da ke durowa."

Toh ɗan'uwa, maganar bashi da reshe na biyu duk ajiye ta gefe, jimlarka ta ƙarshe ita ce ciwon. Kana ƙirga kuɗi amma ba ka rubuta ciniki a rajista. Idan na tsare ka yanzu na ce faɗa min littattafai 20 da suka fi tafiya a shagonka cikin wata shidan da ya wuce, da kuma waɗanda suka shekara a kanta ko taɓa su ba a yi ba, na tabbata da ka za ka ba ni amsa, kuma na tabbata rabin amsar ba daidai ba ce. Mai shagon littattafai kusan kullum abin da yake so shi yake zaton yana tafiya, saboda shi yake yawan ɗaukowa yana yi wa mutane talla. Mutumin da bai san me ke fita ba in ya ci bashi ya je sari, kwantai zai ƙaro a kan kwantai, sai dai wannan karon da kuɗin mutane.

Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa kawo min irin kukanka, ita ma shagonta ba ya rabo da mutane. Na ce mu rufe shagon mu ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, ranta bai so ba amma ta yarda. Abin da muka tarar, kusan rabin jarinta na kwance a manyan littattafan da ita take ƙauna, masu tsada masu kyan bango, wasu har rana ta cinye launinsu, su kuwa littattafan yara da na jarrabawa da iyaye ke tambaya kullum sai ta ce sun ƙare a dawo sati mai zuwa, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ga wasu da yawa da ta ba da aro ba ta rubuta sunan kowa ba, sun bi ruwa. Ba sata aka yi mata ba, ba kuma kasuwa ce ta mutu ba, ita ce ba ta san shagonta ba. Har hawaye ta yi ranar, kuma wallahi ni ma abin ya taɓa ni don na san da zuciya ɗaya ta buɗe wurin.

Karya farashi kuwa dan Allah kar ka fara. Ribar littafi siririya ce ko'ina a duniya. A Amurka da Ingila abin da kamfanin ɗab'i ke sakar wa mai shago bai cika wuce kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na kuɗin da ke jikin bango ba, daga ciki za a fitar da haya da wuta da albashi, abin da zai rage a hannu sau da yawa bai fi kashi 2 ko 3 ba. Yi lissafin da kanka: ka saro a 60 ka sayar a 100, kana da 40. Ka yi rangwamen 20, saura 20, kenan sai ka sayar da ninki biyu kafin ka dawo inda kake jiya, kuma mutanen unguwarka ba za su ninka karatunsu don ka rage kuɗi ba. Amazon, babban kamfanin nan mai sayar da kaya a intanet, da littafi ya fara a 1995, yana iya sayar da littafi ba riba ya mayar a wani kayan, kai a ina za ka mayar? Faransa ma da ta ga haka doka ta yi tun 1981, ba wanda zai rage fiye da kashi 5 cikin 100 a kan farashin sabon littafi, don dai ƙananan shaguna su rayu. In babu irin wannan kariyar a inda kake, yaƙin farashi ba naka ba ne.

Kuma in girma da tarin kaya ne ke ceton mai littattafai, da Borders bai karye ba, kamfani mai ɗaruruwan manyan shaguna, a 2011 ya rufe gaba ɗaya. A daidai lokacin ƙananan shaguna masu zaman kansu a Amurka ƙaruwa suka yi, daga 1,651 a 2009 zuwa 2,470 a 2018 a ƙididdigar ƙungiyar masu sayar da littattafai ta ƙasar. Ryan Raffaelli na jami'ar Harvard ya bi diddigin abin, ya ga abu uku ne ya riƙe su: sun jingina da jama'ar unguwarsu, suna zaɓen littattafai da kyau, suna kuma tara mutane a shagon. Ka ga biyu daga ciki kana da su a hannu ba tare da ka biya ko sisi ba. Yaron da ba shi da wurin zama ya yi karatu a gida ya samu a wurinka, dattijon da ba shi da abokin hirar littafi ya samu, sabon marubucin da babu babban shagon da zai kalli littafinsa kai ne za ka ɗora masa a kanta. Wannan abu ne babba kuma ina girmama shi, shi ya sa nake jin haushi in ga zai rushe saboda biro da takarda.

Na ukun ne ba ka da shi, zaɓe, kuma zaɓe ba ya yiwuwa sai da rubutu. Abin da unguwa ke samu a wurinka wanda ba ta samu a waya shi ne mutumin da ya san wance tana son labaran tarihi, ɗan wane ya fara haɗa baƙi, malamin makarantar can zangon gaba littafi kaza zai buƙata. James Daunt da ya karɓi shugabancin Waterstones, babban kamfanin shagunan littattafai a Ingila, a 2011 kamfanin na tangal-tangal, babban abin da ya yi shi ne ya sakar wa kowane reshe mara ya zaɓi abin da mutanen wurinsa ke karantawa, maimakon hedikwata ta turo wa kowa kaya iri ɗaya, littattafan da ake mayar wa kamfanonin ɗab'i don sun ƙi tafiya suka ragu sosai, kamfanin ya dawo cin riba. Babban kamfani kenan yake kwaikwayon ƙaramin shago irin naka, kai kuma kana neman ka kwaikwayi babban.

Don haka daga gobe duk littafin da ya fita a rubuta shi, sunansa da ranar da nawa ka saro nawa ka sayar. Duk wanda aka tambaya babu shi ma a rubuta, wannan shafin ma ya fi na cinikin daraja a wurina don shi zai gaya maka abin da za ka saro. A bayan kowane littafi ka sa ranar da ya shigo da fensir. Ko a waya ko a kwamfuta ko a littafin rajista, ban damu ba, in dai ba a kanka ba ne. Aro kuma ban ce ka hana ba, yana cikin abin da ya sa ake son shagon, amma ka ware kanta ɗaya ta tsofaffin littattafai, da suna da ranar dawowa, sababbi ba sa fita sai da kuɗi ko da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni a ma'aunina jarin shagon littattafai ya kamata ya juya sau 3 zuwa 4 a shekara. Wanda ya shekara bai motsa ba, in wanda ka saro wurinsa na karɓar mayarwa ka mayar, in ba ya karɓa to nan ne kaɗai na yarda ka karya farashi, ka fitar da shi ko a uwar kuɗi ne, ka zuba kuɗin a abin da shafin "babu" ya nuna maka. Jarin da kake son ciyo bashinsa ina kyautata zaton yana nan kwance a kantocinka.

Masu zaman hira da yara masu karatu kar ka kore su, amma ka tsara abin. Ka sa rana ɗaya a sati ta karanta wa yara labari, iyaye su rako su, littattafan yaran na kusa da hannu. Ka sa wata ta manya a zaɓi littafi guda a tattauna, ka karɓi kuɗin masu so tun kafin ka yi oda, ka ga ba jarinka ya kwanta ba. Reshe na biyu kuma sai ka kawo min rajistar wata 6 mun duba tare tukun mu yi maganarsa.