Sai an ga yaƙi ake zama marubuci?

Tambaya: Malam, ina nazarin adabin Italiya na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ina ɗan taɓa rubutu. Wani ya ce min yunwa da bama-bamai ne suka ƙera marubutansu, wanda bai ga tashin hankali ba ya ajiye alƙalami. Abin ya kashe min jiki.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Wannan magana na gaji da jinta, galibi daga bakin masu sharhin Facebook da ko ƙarar bindigar toka ba su taɓa ji ba.

Wahala dai an sha. Ranar 19 ga Yulin 1943 jiragen yaƙin Amurka suka yi wa unguwar San Lorenzo ta birnin Rum ruwan bama-bamai. Bayan 8 ga Satumba, ranar da aka sanar Italiya ta miƙa wuya ga ƙawancen Amurka da Birtaniya, Jamusawa suka mamaye birnin, har rabon burodi ya koma giram 100 a rana. Marubuta Alberto Moravia da matarsa Elsa Morante, dukansu masu jinin Yahudawa, suka tsere zuwa duwatsun Fondi, suka yi wata tara a bukka cikin manoma.

To amma miliyoyi ne suka kwana da wannan yunwar. Nawa suka rubuta littafi? Moravia ya fitar da nasa na farko tun 1929. Da sana'arsa ya shiga dutsen. Duk da haka labarin gudun hijirar, La ciociara, sai 1957 ya fito, kuma ta bakin wata mai kanti ya ba da shi. Morante kuwa shekara talatin abin na dahuwa a cikinta kafin La Storia a 1974. Italo Calvino ya riƙe bindiga tare da 'yan gwagwarmayar yaƙar mamayar Jamusawa, amma da ya zauna rubutu a idon wani ƙaramin yaro ya nuna yaƙin. Wannan zaɓin, wa zai yi magana, me za a ɓoye, shi ne aikin, kuma karatu da gogewa ke koyar da shi.

Abin da ke ba ni haushi, masu wannan zance sun mai da yaƙi kamar makaranta. Waɗanda suka tsira kawai suke ƙirgawa. Leone Ginzburg fa, editan da ya fassara adabin Rasha? A kurkukun Regina Coeli ya mutu a Fabrairun 1944 bayan azabar Jamusawa, yana da shekara 34, ya bar matarsa Natalia da 'ya'ya uku.