Amsa kan haƙƙin wadda aka doka kuma ake yi wa barazana

'Yar'uwa, kin tambaya ko doka na kare matar da wani ya doka, kuma yake ci gaba da aiko mata da saƙonnin barazana. Tana kare ta. Ya kamata matar ta fara zuwa asibiti, domin rahoton likita hujja ce mai ƙarfi a kotu. In akwai fyaɗe, kada ta wuce awa 72, saboda cikin wannan lokacin ake fara shan maganin kariya daga ƙanjamau. Kada ta goge saƙonnin, ko da ganinsu na ɓata mata rai. Bayan ta kai ƙara wurin 'yan sanda, a ƙasashe da dama tana iya neman kotu ta hana shi kusantarta, sannan ta nemi diyya, wadda a ganina mutane suka fi sakaci da ita.