Amsar tambayar iPhone 11 da iPhone 14, wacce ta fi sauƙin riƙewa ta fuskar kuɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ɗan uwa naga tambayarka, kace kana tsakanin iPhone 11 ta hannu da iPhone 14, kuma wani yace maka ka ɗauki 11 ɗin kawai tunda gyaranta ya fi araha. Toh bari in yi maka bayani da baki don rubutun zai yi tsawo.

Wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. iPhone 11 ta fito 2019, sikirin ɗinta LCD ne, 14 kuma ta fito 2022 nata OLED ne, kuma OLED ya fi tsada nesa ba kusa ba, so idan fuska ce ta fashe eh 11 ta fi sauƙi, kayanta ma sun cika ko'ina kuma duk mai gyara ya san cikinta. Amma juya wayar ka duba bayanta. Gilashin bayan 11 manne yake da jikin wayar da wani irin gam mai taurin kai, idan ya fashe sai dai a sa injin lesa ya ƙona gam ɗin sannan mutum ya zauna yana kankare gutsattsarin gilashi ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a kwashe kayan cikin gaba ɗaya a zuba su a sabon gida, kaga aiki ne na awanni kuma a nan ne ake taɓa abin da bai kamata a taɓa ba. A 14 sun canza ginin, ka kwance sukurori biyu na ƙasa, ka ɗan ɗumama, bayan ya ɗago shi kaɗai a sa wani. Amma ka lura fa, 14 da 14 Plus nake nufi, 14 Pro ba a yi mata wannan ba, tana nan da tsohon ginin.

Sai batir, kuma ni a ganina nan ne mutane suke yaudarar kansu. Apple da kansu sun ce batirin waɗannan wayoyin an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, sai daga iPhone 15 ne suka ce 1000. Toh wayar da ta fito 2019, ka san ko dai batirinta ya gaji ko an riga an canza shi, kuma ba ka san wanne aka sa ba. Don haka kuɗin batir ka haɗa shi da kuɗin wayar tun ranar saye, kar ka ce sai daga baya. In an sa wanda ba orijinal ba wayar za ta rubuta maka cewa ba ta gane kayan ba, lafiyar batir ɗin ma wani lokaci ta daina nunawa daidai, wannan kuwa duk biyun suna yi, 11 da 14, don Apple na ɗaure kayan da lambar wayar. Daga iOS 18 (iOS ita ce manhajar da ke tafiyar da iPhone) sun ɗan sassauta, a iPhone 12 zuwa sama ana iya sa orijinal da aka ciro daga wata waya a saita shi, in dai ba a kulle waccan da iCloud ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne lissafin shekara. Kar ka kalli kuɗin da za ka biya yau kawai, ka raba shi da shekarun da suka rage wa wayar. iOS 26 ta 2025 ta ajiye iPhone XR da XS, 11 ita ce mafi tsufa da ta samu shiga, wato ita ce a bakin ƙofa, 14 kuwa ta fi ta sabunta da shekara uku cur. Ranar da afdet ya tsaya wayar ba mutuwa za ta yi ba, za ta ci gaba da kira da komai, amma a hankali manhajar banki ta ce sai sabon iOS, wata ma ta bi, WhatsApp ɗin nan ma a 2025 ya daina aiki a kan duk abin da bai kai iOS 15.1 ba. Misali a ce 11 rabin kuɗin 14 ce, ka ƙara batir, ka yi shekara biyu da ita ka zo sayarwa ba mai so, ita kuma waccan ka yi biyar kuma har yanzu tana da daraja, kaga mai arahar ce ta fi cin kuɗi.

Amma fa in kai mai yawan yar da waya ne, ko yaro za ka saya wa, ko kuɗin da ke hannunka ke nan, ɗauki 11 ɗin ba laifi, fasa LCD ya fi sauƙin haƙuri. Ko wacce ka tsayar dai, kafin ka biya ka shiga Settings, General, About, ka ga ko ta nuna tarihin kayan da aka canza, ka duba lafiyar batir, ka gwada Face ID, wato buɗe waya da fuskarka, a gaban mai sayarwar sau biyu uku, don in wannan ya mutu gyaransa ba na kowa ba ne. Ka turo mana hoton shafin batir ɗin mu gani tukun.