Na iya mota amma an kada ni a gwajin tuƙi, ina matsalar take?

Tambaya: Salam Maigida. Ni ɗan Mamobi ne a nan Ankara ta Gana, shekarata 23, shekara huɗu ke nan ina yaron mota a trotro (ƙaramar bas ta haya), ni ke juya motar a tasha in maigidana ya tafi cin abinci. Na yi makarantar tuƙi, na ci jarabawar kwamfuta ta DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi, amma ranar gwajin kan titi sai aka ce ban ci ba, alhali ko sau ɗaya mota ba ta mutu min ba. Wani a bakin get ya ce in kawo wani abu zai gyara min. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ban ga tuƙinka ba amma wallahi kusan na san abin da ya faru, don irinku 'yan tasha kun fi ba ni wahala wajen koyar da tuƙi a kan wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Shi sabon shiga abin da na faɗa masa shi zai yi, kai kuwa hannunka ya riga ya saba da tuƙin direbobin trotro, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai gwajin nan da ya zauna gefenka da takarda ba wai yana jira ne ya ga ko mota za ta mutu ba, idonka yake kallo da wuyanka, shin ka duba kafin ka motsa ko kuwa hon ka danna ka cusa kai kamar yadda ake yi a Circle, mahaɗar nan mai cunkoso ta Ankara.

Tun kafin ka tada inji an fara ba ka maki. Gyara kujera, gyara madubi uku, sa bel, ka tabbata shi ma ya sa, ka duba giya tana furi. In za ka tashi, madubi, sigina, sannan ka juya kai ka leƙa ta kafaɗa. Wannan leƙen shi ne yawancinku ba ku yi, kuma a garin nan da mai okada zai fito maka ta inda madubi ba ya nunawa, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ka motsa kai yadda zai gani, satar kallo da wutsiyar ido ba ta shiga takardarsa.

Sai halayen tasha da dole ka ajiye a gida. Hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waje, a'a. Sakin mota furi a gangare don tsimin mai, a'a. Ɗora ƙafa a kan kuloci kana tafiya, shi ma a'a. Inda aka rubuta STOP tsayawa ake yi cak, taya ta daina juyawa, ko da titin babu ko akuya. Wurin tsallakawar masu ƙafa in mutum ya sa ƙafa ka tsaya masa, ba hon ba. A shataletale kuma, tunda Gana ta koma tuƙin hannun dama tun 1974, wanda ke ciki yana zuwa maka ta hagu shi ke da hanya, ka jira, in za ka fita ka sa siginar dama. Cikin gari kada ka wuce 50, kusa da makaranta ko asibiti ko kasuwa 30. Amma fa kada tsoro ya sa ka yi ta rarrafe a giya biyu har layi ya taru bayanka, wannan ma laifi ne a wurinsu.

Tashi a kan tudu kam ka ba shi lokaci sosai. Ja hanbirki, sa giya ɗaya, ɗan totur kaɗan, ka dinga sakin kuloci a hankali har ka ji ƙarar inji ta canza gaban motar ya ɗan ɗaga, a nan ne za ka sauke hanbirki. Ku 'yan tasha da ƙafa kawai kuke yi, daga birki a yi tsalle zuwa totur, mota ta ɗan koma baya ku ce ba komai, to a gwaji komai ne. Ribas ma haka, sannu sannu, kana kallon baya ba madubi kaɗai ba, ga kwatocin Ankara a buɗe suna jira. In mota ta mutu kada ka rikice, hanbirki, furi, ka sake tadawa, ka sake dubawa. Kuma ka koma kan alamomin titi, suna iya nuna maka su ce ka faɗa da baki.

Shawarata ka koma makarantarka ka ce malamin ya zauna da kai kamar mai gwaji, bai ce komai ba sai "dama", "hagu", "faka nan", yana rubuta kuskurenka, a cikin motar da za ka yi gwajin da ita, don kowace mota da inda kulocinta ke kamawa.

Mutumin bakin get kuwa, su ne masu turanci ke kira goro boys, abin kunya ma da kalmarmu aka raɗa musu suna. Kada ka ba shi ko sidi ɗaya, wasu kuɗin za su ci su ɓace, wasu katin bogi za su miƙo maka, ranar da ɗan sanda ya duba kai za a kama ba shi ba. Ka shiga ciki ka biya a ba ka rasit, ka duba takardar koyonka kada wa'adinta ya ƙare kafin a ba ka sabuwar rana, ka riƙe Ghana Card ɗinka, ka je da wuri.

Wani abu kuma tunda ka ce shekararka 23. Lasin na B, wato na ƙananan motoci, daga shekara 18 ake bayarwa, amma dokar titi ta 2012, L.I. 2180, shekara 25 ta sa wa mai tuƙa motar haya. Saboda haka ko ka ci gobe, kujerar maigidanka da fasinja a ciki sai ka ƙara haƙurin shekara biyu.